In ƴan gudun hijira sunka sauka unguwarku, ga yadda za ka tarbe su tun daga daren farko

Assalamu alaikum ƴan uwa. Kwanan nan mutane sun yi ta kirana suna cewa kai da ka taɓa sauke ƴan gudun hijira gidanka, yaya ake yi ne, mu ma ga su sun iso unguwarmu kuma ba mu san ta inda za mu kama ba. Na ga in na tsaya amsa ma kowa ɗaiɗai ba zan gama ba, shi ya sa na ce bari in zauna in rubuta gaba ɗaya. Ni ba ma'aikacin wata ƙungiya ba ne, ɗan kasuwa ne nan Tahoua, abin da zan faɗa abin da na gani ne da idona da wanda na koya bayan na yi kuskure.

Mu nan jihar Tahoua abin ya zo muna ta gaba da ta baya. Tun 2012 da yaƙin Mali ya tashi mutane sunka fara kwararowa ta arewa, anka zaunar da su wajen Intikane da Tazalit da dabbobinsu. Ranar 21 ga Maris 2021 anka kashe mutum 137 a ƙauyukan Tillia, galibinsu ƴan ƙasarmu ne, waɗanda sunka tsira da yawansu sun bar garuruwansu. Ta kudu kuma ga mutanen Sabon Birni da Isa da ƴan bindiga sunka koro daga jihar Sakkwato, sunka tsallako Bangui cikin Madawa. Kuma mu Adarawa in akwai wanda ya san zahin baƙunci to mu ne, wane gida ne babu wanda ya taɓa kwana tasha a Abijan ko Legas ko Libiya yana jiran wani bawan Allah ya ce mashi taso ga tabarma?

Nawa baƙin ƙarshen 2021 sunka zo, cikin ɗari. Mutum shida, wata tsohuwa da matar ɗanta da yara huɗu, daga wani ƙauye na wajen Sabon Birni. Sun zo neman wani danginsu da anka ce masu yana Tahoua, ashe ya daɗe da tahiya. Bakin masallaci na same su bayan lisha, ƙaramin yaron na cikin zanen tsohuwar yana rawar ɗari.

Daren farko abu ukku ne kawai: ruwa, abinci mai sauƙi, da wurin kwanciya. Kada ka ce za ka yi masu karamci da tuwo mai nauyi ko shinkafa da mai, cikin da ya kwana biyu ko ukku babu komi ba ya ɗaukar wannan, amai zai biyo baya. Kunu mai ɗumi ko hura marar tsami sosai, kaɗan kaɗan, in an jima a ƙara. In akwai yaro mai zawo a dama mashi ruwan gishiri da sukari, litar ruwa mai tsabta guda, ƙaramin cokali shida na sukari, rabin ƙaramin cokali na gishiri, a riƙa ba shi yana kurɓa har gari ya waye a kai shi likita. A ɗora ruwan zahi na wanka, a duba ƙafafunsu, don tsohuwar nan da mai ɗakina ta zauna da allura da hitilar waya ƙaya ta yi ta cirewa daga tahin ƙafarta har na daina ƙirga, kuma ko uhum ba ta ce ba. Mata su kula da mata. Kai namiji ka gaishe su daga ƙofa ka koma zaure, macen da ta baro abin da ta baro ba ta son ganin baƙon namiji tsaye kanta cikin dare.

Kuma don Allah ka kama bakinka. Nan ne na yi kuskuren da har yau yake damuna. Ina ganin kulawa ce, na tsuguna na ce ma matar, ƴar uwa ina maigidan naki, mi ya faru garin naku? Ta buɗe baki za ta yi magana sai jikinta ya ɗau ɓari, yaran sunka ga uwarsu sunka fashe da kuka su duka. Tsohuwar ce ta dube ni ta ce, ɗana, bar ta, ba yau ba. Wata biyu anka yi kahin ta ba mai ɗakina labarin da kanta suna tsinkar zogale, babu wanda ya tambaye ta. To ka bar labari ya zo da ƙafarshi, kuma in ya zo ya tsaya cikin gidan, ba na kai ma fada ba ne.

Da gari ya waye, kahin ka tahi kasuwa ko wurin aiki, ka je wurin mai unguwa ka shaida mashi kana da baƙi, mutum kaza, daga wuri kaza. Wasu na jin tsoron wannan wai kada a kore su, alhali ɓoyewar ita ce ke jawo hitina. Zamanin da muke ciki kowa a tsorace yake, a 2017 ma anka sa Tillia da Tassara cikin dokar ta-ɓaci, in maƙwabci ya ga baƙuwar huska bai san daga ina ba zai iya kai tsegumi inda ba ka zato. In mai unguwa ya sani, limami ya sani, to kai ka hita, su ma sun samu inuwa. In ka ga wani abu da bai kwanta maka ba ga wani mutum, hukuma za ka gaya ma, ba taron unguwa ba. Amma kada ka yarda a ce maka wai tunda Buzu ne ko Bahillace ne ko daga Zamfara ya hito to sai an yi hattara da shi. Waɗanda anka kashe Tillia ai Buzaye ne. Mutum ya gudo daga masu bindiga kuma ya iso ka ce shi ne mai bindigar, wannan zalunci biyu ke nan.

Sai maganar takarda, wadda mutanenmu ke rainawa har sai ta ci su. Wanda ya tsallako daga wata ƙasa saboda yaƙi yana da haƙƙi cikin dokar Nijar, ba alfarma ake yi mashi ba. Akwai doka tun 1997 a kan matsayin ɗan gudun hijira, akwai hukumar gwamnati da ake kira CNE mai tantance su, tana aiki tare da HCR, hukumar ƴan gudun hijira ta Majalisar Ɗinkin Duniya, kuma Nijar na cikin yarjejeniyar ƙasashen Afirka ta 1969 wadda ta ce wanda yaƙi ko rikici ya koro ba a maida shi inda zai halaka. Wanda kuma ɗan ƙasa ne ya baro ƙauyenshi, misali daga Tillia ya dawo Tahoua, shi ma akwai dokar da ta kare shi tun Disamba 2018. To ka tambayi mai unguwa ko ka shiga meri, wato ma'aikatar magajin gari, ka ce ina ake rubuta sunayen waɗanda sunka gudo, ka ɗauke su da kanka ka kai su. Baƙo makaho ne ko da idonshi, kada ka kwatanta masu hanya ka ce su je, za su yini suna zagaye. Mu sai da munka koma sau ukku, rana guda ma tun sahe har azahar muna zaune anka ce mu dawo jibi, ka yi haƙuri ka koma. Rajistar nan ba a biyan ko dala. Duk wanda ya tare ku ya ce a ba shi jikka biyu zai sa sunanku gaba ko zai samo maku katin abinci, ɓarawo ne, kada ku ba shi. In takarda ta hito a sa ta cikin leda a ɗaure, kai kuma ka ɗauki hotonta ka aje cikin wayarka saboda ruwan sama da gara da gobara. In mace ta haihu nan, a karɓi takardar haihuwa tun wurin da ta haihu a kai meri da wuri, in lokaci ya wuce sai an bi ta kotu, kuma yaron da ba ya da wannan takarda shi ne gobe za a ce ba ɗan nan ba ne ba ɗan can ba ne.

Cikin satin farko a kai yara da mai ciki likita ko da ba su ce suna ciwo ba. A doka yaro ƙasa ga shekara biyar da awon ciki kyauta ne a likitar gwamnati, amma ka riƙe ɗan wani abu cikin aljihu don wani lokaci maganin ba ya nan sai an rubuta maka ka sayo farmasi. Ka ce a auna damtsen yaran da ɗan zaren awon nan mai launi ukku, in ya faɗa ja, wato ƙasa ga santimita 11 da rabi, tamowa ce mai tsanani, za a sa shi cikin masu karɓar abincin nan na leda mai gyaɗa. Wannan magani ne, na yaron ne shi kaɗai, ba a raba ma sauran yara kuma ba a kai shi kasuwa. Ka tambayi maganar rigakahi musamman na ƙyanda, ƙauyukan da ƴan bindiga sunka addaba an daɗe ma'aikatan lahiya ba su shiga ba, kuma ƙyanda in ta shiga ɗakin da yara ke cunkushe ba ta tsayawa ga guda. A samo masu sange tun kahin damina, in masu rabon maganin masassara na wata-wata sun zo unguwa a hito da yaran baƙi ma a ba su.

Akwai ciwon da ba a gani. Babban yaron, ɗan shekara tara, in babur ya wuce da dare sai ya zabura ya shige ƙarƙashin gado, wani lokaci ya yi hitsarin kwance. Kada a doke shi, kada a bari yaran gida su yi mashi dariya. Mu abin da munka yi, anka bar hitila kunne ɗakinsu, kuma na riƙa tahiya da shi masallaci da asuba yana riƙe da hannuna, sannu sannu abin ya ragu. In kuwa mace ta raɗa ma uwargidanka cewa an taɓa mutuncinta a hanya, kada a tsaya shawara da kowa, a kai ta wurin ungozomar likita a asirce, cikin kwana ukku na farko akwai maganin kariya daga cuta da ake ba ta, in an wuce ma a je, akwai sauran taimako. Ba laihinta ba ne, kuma maganar ta mutu tsakanin mata biyun nan.

Yanzu ga inda mutane da yawa ke karyewa. Mun saba cewa baƙo raɓa ne, kwana ukku ya wuce. Waɗannan ba raɓa ba ne. Waɗanda sunka zo daga Mali a 2012 wasunsu yaran da sunka haifa nan sun zama samari. To tun satin farko ka zauna ka yi lissahi da gaske. Mutum shida in ana hura da rana tuwo da dare tiyar hatsi guda ba ta kai su ko'ina, buhu kuwa tiya arba'in ne, ka ga wata guda da ƴan kwanaki buhu ya tashi, ban da cefane, ban da itace. Ruwa kuma ko an matsa sai bido huɗu a yini tsakanin sha da girki da wanka da wanki, kuma ka san yadda ruwa yake garin nan in rani ya yi tsakiya. In ka ce kai kaɗai za ka ɗauka saboda kunya ko saboda kana son ladar duka, wata biyu za ka fara ɗaure huska, uwargida ta fara aje kwano da ƙarhi, baƙi su gane, su kwashe tsummansu su koma tasha cikin dare ba sallama. Na ga an yi haka unguwarmu kuma mutumin ba mugu ba ne, gajiya ce.

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Ni limaminmu na samu, ya yi magana bayan sallar magariba ba tare da ya nuna kowa da yatsa ba, munka samu gida tara da sunka yarda. Anka sayi ɗan kaye na rubuta abin da kowa ya kawo, wani saurayi na fadar ƙofar gidana ya riƙe shi, kowane gida abin da ya iya, wani tiya biyu a wata, wani sabulu, wani mai kura ya ce shi bido biyu kullum, wata Hajiya ta ce ita ba ta da hatsi amma akwai ɗakin da take aje tarkace a share a shiga. Ka hi son alkawali ƙarami da za a cika kowane wata bisa babba na rana guda. In lokacin girbi ya zo a tuna ma masu hidda zakka, ai ɗan hanya da ya yanke na cikin mutum takwas da Suratut Tauba ta lissafa. Abu guda da za ku kiyaye, unguwa akwai nata matalauta tun kahin baƙi su zo, akwai gwauruwa mai marayu da ba ta taɓa ganin an kawo mata tiya ba. In za a raba a sa da ita, in ba haka ba hassada za ta tashi kuma kan baƙin za ta sauka.

Amma duk wannan ciyarwa tsani ne kawai. Abin da na hi so ku riƙe shi ne labarin da malamai ke ba mu na Abdurrahman ɗan Aufu lokacin da ya yi hijira zuwa Madina, ɗan uwanshi Ba'ansare Sa'adu ɗan Rabi'u ya ce zai raba dukiyarshi biyu ya ba shi rabi, shi kuwa ya yi mashi addu'a ya ce a nuna mashi kasuwa. Mutanen nan ba almajirai ba ne, jiya jiya suna da rumbu da awaki da sana'a, zaman jiran kwano yana cin su hiye da yunwa. To bayan sun huta ka tambaya, Inna can gida wace sana'a kuke yi? Tamu baƙuwar, uwar yaran, ashe gwanar ƙuli-ƙuli da man gyaɗa ce. Matan asusun unguwa sunka ranta mata jikka goma, mai ɗakina ta ara mata turmi da kasko, ta raka ta kasuwar Lahadi ta nuna mata wurin wa ake sayen gyaɗa ba a cuce ka ba, ta zauna da ita kwana biyu tana koya mata kuɗinmu, don wanda ya saba da naira in ka ce mashi dala ashirin ba ya gane sefa ɗari kake nuhi. In sun zo da ƴan nairori kai ka raka su wurin mai canjin da ka yarda da shi. Rance ya hi kyauta a nan, ranar da ta biya kashin farko na ga ta shigo gida tana tahiya daban.

In namiji ne a nema mashi aron gona ko aikin garka, lokacin albasa ana neman hannu ko'ina daga Galmi har Tabalak, ko a haɗa shi da magini ko mai ɗinki gwargwadon abin da ya iya. Kuma a biya shi kamar yadda ake biyan ɗan gari. Wallahi abin kunya ne mutum ya ce yana taimakon ɗan gudun hijira alhali ya samu lebura ne na rabin kuɗi. Haka masu zuwa da daɗin baki suna cewa a ba su yarinya ta riƙa taya matarsu aiki Yamai, ko dattijon da bai taɓa kawo ko tiya guda ba amma ya ga ƴar shekara goma sha ukku ya ce zai rufa mata asiri da aure. Uwar tana cikin halin da ba ta iya cewa a'a, kai ne za ka tsaya ka ce a'a a madadinta.

Yara kuma lakwal, da wuri. Ka je ka ga darakta da kanka ka yi mashi bayani ko takardunsu ba su hito ba tukuna. Waɗanda sunka hito Najeriya za su sha wuya da farko don karatun can da na nan ba ɗaya ba ne, ƙila a maida yaro aji na baya, a lallashe shi ya yarda. Da marece su bi yaran gida makarantar allo. Yaro in ya samu abokin zuwa lakwal da abokin ƙwallo ya zama ɗan unguwa, kuma ka hana a riƙa kiransu ƴan gudu, suna da sunaye.

Hoto ma kada ka yi. Kada ka jera su da buhu gabansu ka ɗauka ka sa Facebook ko ka watsa WhatsApp ko da niyyarka neman taimako ce. Ban da tozarci, waɗanda sunka kore su su ma suna da waya, kuma akwai danginsu da sunka rage can.

Kada ka matsa masu da ku koma an ce gari ya lafa, kuma in sun tashi komawa don kansu kada ka hana, ka dai taya su bincike ta bakin wanda ya je ya gani da idonshi. In akwai wanda ya ɓace masu a kai sunanshi ga Kuros Ruj, suna da masu aikin neman dangin da sunka rabu, a kuma riƙa tambayar direbobi da ƴan kasuwar da ke zuwa Konni da Madawa, labari yakan biyo mota. Sannan ka tambaye su tun da wuri ko sun zo da layin waya na can gida. Tamu ta zo da nata ƙulle cikin bakin zane, wayar ta faɗi a hanya, kuma wannan lambar ita kaɗai maigidanta ya haddace. Layi in ya daɗe ba a aiki da shi kamfani na ruhe shi ya ba wani. Na samo mata ƴar ƙaramar waya ta hannu, kuma duk wata in wani direba abokina zai sauka Konni sai in ba shi abin da zai sa a tura mata kati. Yanzu tana ɗakinta na haya can bayan gidan Hajiya, ita ke biya da kuɗin ƙuli, yaran ukku na lakwal, tsohuwar Allah ya yi mata rasuwa bara munka yi mata sutura nan. Wayar na rataye ga ƙusa kusa da inda take suya, kullum da caji, jiya ma da na biya karɓar mai na ga ta ciro ta ta duba ta maida.